Yadda Aka Warkar da Lambros

A gidan Kira Evanthia, wato Uwargida Evanthia, bakuna uku ne ke da izinin magana idan an yi baƙo: nata, da na 'yarta Hrisula idan uwar ta tsaya shan ruwa, sai na rediyo. Lambros, mijin Hrisula, shi ma yana da baki, amma an fi saninsa da cin abinci da shi, shi ma ɗin ba kullum ba.

Sogambro ne, wato angon-gida, namijin da aka ɗaura wa aure, maimakon ya kai matarsa gidansu sai aka kai shi gidan matar. Ya fi shekara ashirin yana noma gonar shinkafar surukarsa har furfura ta cinye masa gemu, amma a gari in ka ce "Lambros", sai a ce "Wane?" Sai ka ƙara da "na gidan Evanthia" sannan a gane. Mu sauran mazan garin, da muke zaune a gidajen ubanninmu muna bin umarnin matanmu cikin mutunci, mun fi kowa iya yi masa dariya a shagon gahawa.

Laraba da Juma'a, ranakun da coci ta hana cin nama, Kira Evanthia takan dafa kukiya, waken nan mai faɗi kamar farcen babban yatsa, ta zuba masa man zaitun da albasa. Lambros ba ya ci. Ya taɓa faɗin dalili sau ɗaya, yana sabon ango: yana yaro ya ci, ya kwanta yana fitsari baƙi har aka fidda rai da shi, kuma wani kawunsa da waken ya tafi lahira. Surukar ta ce masa wannan magana kada ta sake ji a bakinsa, gidanta ba gidan masu tabon jini ba ne. Daga nan duk Laraba da Juma'a sai ta cika kwano ta dire masa. Shi kuma ya matsar da shi gefe, ya ci burodi da zaitun.

"Ku bar shi," takan ce, "basarake ne, ba ya cin abincin talakawa. Da akwati ɗaya ya zo mana, ashe sarautar ce a ciki."

A ƙarshen zafin wannan shekarar, shinkafa ta fara yin ja, zazzaɓin cizon sauro ya kama Lambros. Cutar ta kusa ƙarewa a yankinmu tun da aka fara feshin maganin sauro a bango, amma shi mutum ne da ke wuni cikin ruwa har gwiwa, sauro ya san shi fiye da yadda mutanen gari suka san shi. Yana cikin karkarwar nan, haƙora na kaɗawa, motar masu yaƙi da zazzaɓi ta shigo gari. A cikinta akwai wani matashin likita mai tabarau, Likita Mavridis, mai bin ƙauyukan fadama yana tsira wa mutane allura a yatsa yana shafa jinin a ɗan gilashi.

Da gilashin ya nuna cutar, likita ya zo gida da kansa. Aka buɗe masa babban ɗaki, wanda ba a buɗewa sai ranar suna ko ranar mutuwa. Kafin ya zauna Kira Fotini ta iso, matar mai injin casar shinkafa, wai wucewa take ta ga mota. Ɗanta Aristidis ne zai auri Lenio, 'yar Lambros tilo, da zarar an gama girbi. Aka kawo gahawa da ruwan sanyi da ɓawon lemo dafaffe a sukari. Aka fito da Lambros naɗe da bargo, aka zaunar da shi a kujerar da ke bakin ƙofa.

Likita ya fito da ƙwayoyi iri biyu. "Fararen nan su za su sauke zazzaɓin. Ƙananan nan kuma na saiwar cutar ne, wadda ke ɓuya a hanta ta dawo baɗi. Ɗaya kullum, mako biyu. Amma kafin in bar su, akwai tambayar da nake wa kowa, a kanta ma nake bincike. Akwai mutanen da ƙananan nan ke farfasa wa jini. Mun lura su ne dai waɗanda kukiya ke kayarwa. Gado ne, a jini yake, daga kaka har jika."

Cokalin Kira Fotini ya tsaya tsakanin faranti da bakinta.

"Kir Lambros," in ji likita, "kukiya ta taɓa yi maka illa?"

Ba a taɓa girmama shi da Kir, wato Malam, ba, don haka sai da ya waiwaya bayansa tukuna. Kafin ya juyo har an amsa.

"A gidana?" Kira Evanthia ta dafa ƙirji. "Likita, sau biyu a mako nake dafa ta, tambayi kowa. Ban taɓa ɗaga tukunya ban cika wa wannan bawan Allah kwano ba. Hrisula, ƙarya nake?"

"Gaskiya ne, Inna."

Gaskiyar ce kuwa. Lambros ya dubi likita, ya dubi Kira Fotini da cokalinta, ya dubi Lenio tsaye da tire, kunnuwanta sun yi ja don ganin uwar miji. Ya ja bargo ya rufe haɓarsa.

"Madalla," in ji likita. "Amma ko da wasa in kuka ga idonsa ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu kamar gahawar nan, a daina ba shi nan take, a bugo mini waya asibitin birni."

Kira Fotini ta kai cokalin baki. "Mu dai danginmu," ta ce, "ko dutse muka ci sai ya narke."

Wayar tarho guda ce a garinmu, tana rataye a bangon shagon gahawa, tsakanin murhu da teburin masu karta. Ba ta jin magana sai an yi mata ihu. Duk wanda ya taɓa buga ta, mun san farashin da ya sayar da alfadarinsa da sunan ciwon matarsa.

Fararen ƙwayoyin suka yi aikinsu. Zazzaɓi ya sauka, Lambros ya sha romo, har ya fita tsakar gida ya gyara ƙotar lauje. Ƙananan kuwa Kira Evanthia ta kulle su a kabad tare da sukari. Kowace safiya ita ke ba shi da hannunta, ta tsaya a kansa sai ya haɗiye, don magani ne na gwamnati, kyauta, kuma a gidanta ba a wulaƙanta kyauta.

Ba a yi nisa ba ya fara jin ƙafafunsa kamar an cika su da yashi. Wata safiya ya kira matarsa bayan gida, ya nuna mata kaskon fitsari. Hrisula ta leƙa, ta ɗauke kai, ta ɗauki kaskon ta zubar a gindin ɓaure, ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe.

"Hrisula, irin na wancan lokacin ne. Ki aika a bugo wa likita."

"A shago? Gaban tsohon nan Barba Nasos da 'yan kartarsa? In ce me? In ce fitsarin uban amarya ya yi baƙi?"

"To a daina ba ni."

"In ka daina, likita zai dawo ya tambayi dalili. Ka san ba shi da sirri, a gaban kowa yake magana kamar mai shela. Ka daure mana, Lambros. Saura nawa ne? Ka rufe ido ka shanye, a yi bikin yarinyar nan, bayan nan ka yi duk ciwon da kake so."

Ta faɗa da taushin murya, har da dafa masa kafaɗa. Rabon da ta dafa shi haka har ya manta, sai abin ya so ya yi masa daɗi.

Washegari ya gwada surukar. Ya riƙe ƙwayar a tafin hannu bai kai baki ba.

"Inna, wannan abin ba ya karɓa ta."

"Me ya taɓa karɓar ka? Wake bai karɓe ka ba, yanzu maganin da aka yo daga Turai ma bai karɓe ka ba. Ranka ya daɗe, me za a kawo maka? Nonon barewa?"

"Likita ya ce in ido ya yi rawaya..."

"Likita yaro ne, gemunsa ma bai gama fitowa ba. Idonka tun ranar da ka shigo gidan nan ba fari ba ne. Haɗiye."

Ya haɗiye. Daga ɗaki yana jin keken ɗinkin Lenio yana ta gudu, tana kalmasa zannuwan gadon aurenta tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ita an ce mata gajiyar zazzaɓi ce, haka take yi wa manya.

Da rawayar ta fito fili, har fatar hannunsa ta koma kamar ɓawon lemon tsami, aka zauna shawara a kicin, ban da shi. Aka yanke cewa baki ne: mutane sun ga motar gwamnati a ƙofar gida, ga auren ɗan mai inji, dole idon hassada ya sauka, kuma da yake ido ba shi da tarbiyya sai ya sauka a kan wanda ya fi kusa da ƙofa. Aka kira tsohuwa Mariyo mai yi wa masu ciwon shawara tsaga. Ta ɗaga masa leɓen sama, ta tsaga da reza, jini ya zuba a faranti. Ta kifa shi, ta yi masa ƙaho da kofunan gilashi a gadon baya, ta tsattsaga don mugun jini ya fita.

Mariyo ta ɗaga farantin ta duba a hasken taga. "Evanthia, jinin mutumin nan kamar ruwan wanke nama. Ni dai da na kai shi birni."

"Ke aikinki yanka ne. An tambaye ki?"

Aka ba ta ƙwai da kwalbar mai, aka roƙe ta ta bi ta ƙofar baya.

Ran Lahadi bayan coci Kira Fotini ta leƙo duba mai jiki. Aka rufe tagogi wai haske na damun sa, aka ja masa bargo har hanci.

"Ya jikin, Lambros?"

"Da sauƙi," in ji Kira Evanthia.

"Yana cin abinci?"

"Kamar doki. Jiya ma kukiyar nan ya ce a ƙara masa."

Cikin duhun, Lambros ya ji dariya tana son kama shi, amma numfashin da zai yi ta da shi babu.

Sai ga girbi ya zo, ga hadari yana haɗuwa ta wajen teku kullum da yamma. An ɗauko 'yan ƙodago daga kan duwatsu, kuma 'yan ƙodago ba a barin su ba mai gona a kansu. Kira Evanthia ta tsaya a ƙofar ɗakinsa.

"Zazzaɓi ya sauka ko bai sauka ba?"

"Ya sauka, Inna."

"To kwanciyar ta mece ce? Mijina, Allah ya ji ƙansa, da zazzaɓin a jikinsa yake yankan shinkafa, yana karkarwa lauje na tafiya. Ba a ce ka yi aiki ba. Ka je ka tsaya, su ga akwai namiji a gidan. Mutane sun fara tambaya."

Hrisula ta sa masa hula mai faɗi ta ja ta har gira. Ta cusa masa burodi da cuku a aljihu. Ba ta dubi fuskarsa ba, shi ma ya sauƙaƙa mata, bai ɗago ba.

Hanyar gona ta bi ta gaban shagon gahawa. Muna zaune muka ga ya wuce yana dafa bango. Barba Nasos ya ce, "Angon-gida, an sake ka ke nan? Ko aike ne?" Aka yi dariya. Wani ya ce launinsa ya yi kama da kabewa, aka ƙara wata dariyar. Wayar na rataye a bango, taku kaɗan daga inda ya tsaya yana mai da numfashi. Ya dube ta. Ya dube mu, mu goma sha da kunnuwanmu a miƙe. Ya ce, "Sannunku da hutawa," ya wuce.

Da hantsi ya faɗi a bakin gona, fuskarsa a cikin laka. 'Yan ƙodagon duwatsu, da ba su san wace ce Kira Evanthia ba, ba su kuma san akwai biki a gaba ba, suka ɗora shi a keken doki suka nufi birni kai tsaye ba su nemi izinin kowa ba.

Likita Mavridis ya same shi a gadon asibiti, ya ja fatar idonsa, ya dubi kwalbar fitsari, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Kuma ka ci gaba da sha?"

"Saura biyu ma in gama."

"Kir Lambros, a gabana ka zauna. Kai na tambaya. Me ya hana ka faɗa mini?"

Lambros ya ce, "Likita, ba a saba tambayata ba ne. Kafin in gane da ni ake, an wuce wurin."

Da la'asar matan gidan suka iso a motar haya, da kwandon abinci, da Lenio tana kuka. Likita ya tare su a baranda ya ce jini ake nema, da yawa, yanzu. Asibitin ba ya ajiye jini, dangi ke bayarwa.

Lenio ta fara naɗe hannun riga. Kakarta ta riƙe mata wuyan hannu.

"In an ɗiba, ana dubawa?"

"Dole a duba kafin a ƙara masa."

"A rubuta?"

"A rubuta mana."

"Yarinyar nan amarya ce, ba a zubar da jinin amarya kafin biki, ba kyau. Hrisula kuwa ko allurar ɗinki ta gani sai ta suma. Ni kuma ka gan ni, tsohuwa." Ta gyara ɗankwali. "Kuma likita, ka yi karatu, ka fi ni sani. Jininmu da nasa ba ɗaya ba ne. Shi baƙo ne, aure ya kawo shi."

"'Yarsa fa? Ita ma auren ne ya kawo ta?"

"Ita tamu ce."

Lenio ta fizge hannunta ta bi likita. Aka ɗiba, aka gwada, rukunin jininta bai dace da na ubanta ba. Kira Evanthia ta yi alamar gicciye, ta gode wa Budurwa Maryamu, ta ce ai ta faɗa. Likita ya ari keke ya tafi barikin soja, ya dawo da kurata biyu 'yan tsibiri waɗanda aka yi wa alkawarin hutun kwana guda. Jininsu ya shiga. Amma ƙodar Lambros ta riga ta toshe da tarkacen nasa jinin, fitsarin da ake ta ɓoyewa ya ɗauke gaba ɗaya, ba baƙi ba fari.

Ya ƙara kwanaki yana kumbura. A cikinsu ya samu abin da bai samu ba a shekara ashirin: gado nasa shi kaɗai, da wata ma'aikaciyar jinya mai tambayarsa kowace safiya ko yana son shayi ko madara, ta kuma tsaya ta ji amsa. Ya kan daɗe yana tunani kafin ya zaɓa. Ranar da Lenio ta zauna kusa da shi ta ce, "Baba, me suke ɓoye mini?" sai ya ga Hrisula tsaye a bakin ƙofa, hannu a baki, tana girgiza masa kai. Ya ce, "An gama kwashe shinkafar kuwa?"

An gama. Ruwa bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba.

Ranar jana'izarsa aka sake buɗe babban ɗaki. Gari ya cika gidan, da mu 'yan shagon gahawa a sahun gaba da huluna a hannu, muna faɗin irin haƙurinsa. Fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a, aka zagaya da gahawa da busasshen burodi. Ana cikin haka motar likita ta tsaya a ƙofa. Ya shigo ba jaka, ya yi gaisuwa, ya roƙi ya ga matan gidan a keɓe. Aka kai shi kicin, aka tura Lenio ta kula da baƙi.

Ya yi musu bayani a hankali, kamar mai koya wa yara. Ya ce abin da ke jinin Lambros yana jinin Lenio, ita ba lalle ya dame ta ba, amma 'ya'yanta maza sai an kula da su, da abin da za su ci da maganin da za a ba su. Ya ce ba abin kunya ba ne, mutane da yawa a ƙasashen fadama haka suke, har ana zaton shi ya kare kakanninsu daga zazzaɓin. Ya ce a bar shi ya faɗa mata da kansa.

"Za mu faɗa mata," in ji Kira Evanthia. "Bayan biki. Yanzu tana cikin baƙin ciki." Ta ɗan matso. "Shi zazzaɓin fa, likita? Ka sake dubawa?"

"Na duba jininsa na ƙarshe. Babu ƙwayar cutar ko ɗaya."

"Wato maganin ya yi aiki."

Likita ya ce, "Ta wannan fuskar, e."

Ba ta jira sauran fuskokin ba. Ta fito babban ɗaki, inda Kira Fotini ke zaune a kujerar girmamawa tana ta son yin tambaya tun safe.

"Ashe dai zazzaɓin ne ya tafi da shi, Evanthia?"

"Wane zazzaɓi? Ga likita nan, da bakinsa ya faɗa yanzu, jininsa fes, ba komai a ciki. A hannuna ya sha maganinsa, ko kwana ɗaya ban bari ya tsallake ba. Ya warke sarai. Kwana ne ya ƙare."

Ɗaki ya amsa da "Allah sarki". Likita yana tsaye a ƙofar kicin, duk idanu a kansa, da na Lenio a ciki. An tambaye shi ke nan, a gaban mutane, a gidan mutane, ga gawa ba a ɗaga ba. Ya gyara tabarau, ya sunkuyar da kai. Aka miƙa masa gahawa, ya karɓa.

An yi biki bayan arba'in, ba kiɗa sosai saboda makoki, amma an yanka raguna. Likitan an mai da shi wani yanki kafin sanyi ya shigo. Bayan 'yan shekaru aka sanar cewa zazzaɓin cizon sauro ya ƙare a fadamarmu, kuma da aka bi lissafi sai aka ga Lambros ne mutum na ƙarshe da cutar ta kama a garinmu. Wannan ya ba shi sunan da bai samu ba yana raye. Yanzu in baƙo ya zauna a shagon gahawa ya tambayi labarin zazzaɓin da, mukan ba shi, kowa na katse ɗan'uwansa. In ya ce, "To shi na ƙarshen, ya aka yi da shi?" mukan gyara zama mu faɗa masa gaskiya: an ba shi magani, ya warke.